Kwalekwale Mai Benci Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau kafinta ya gama haɗa ƙasan kwalekwalen. Nawa ne, ni kaɗai. Ƙarami ne, da kyar ya wuce rabin jirgin gidanmu. Ya tambaye ni, "Benci ɗaya ko biyu?" Na ce ɗaya, da ƙarfi har mai sayar da ƙusa na gefe ya ɗago kai.

Tun kafin gemu ya fito mini nake tsaye a goshin jirgin Yaya ina jefa birgi, ragar kamun kifi, shi yana zaune a baya riƙe da filafili. Shi ke cewa inda za a nufa, shi ke cewa lokacin dawowa. Ga furfura a haɓata, amma har yau Auta nake. Auta matsa, Auta tsaya daidai, Auta ina farar rigarka. Wannan zancen farar rigar shi ya kai ni bango. 'Yan shekarun nan, in na fito da wata riga daban sai ya mayar da ni gida in sauya, wai kifi ya saba da ita. Kifi! Magidanci da 'ya'yansa a riƙa zaɓa masa rigar sawa. Na gaji, iyakar magana ke nan.

Ban faɗa masa ba tukuna.

Laraba, 5 ga Maris

Na faɗa masa. Yana zaune a inuwa yana ɗinkin birgi, bai kalli hannunsa ba, ni ma bai kalle ni ba. Na zo da maganganu cike da baki, na shirya faɗa tun daga gida. Sai kawai ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Wai surukinsa zai tsaya masa a goshi.

Ban ji daɗi ba. Na fi son ya yi faɗan.

Asabar, 8 ga Maris

Ranar toshe kafofi. Ana cusa tsumma a tsakanin katako da katako da bayan wuƙa, a hankali, sannan a bi da narkakkiyar kwalta. Aiki ne mai cin baya. Tsumman da na tara ya ƙare saura gefe guda, sai na shiga ɗaki na ɗauko farar rigar na yayyaga ta. Wallahi har raina na ji sanyi. Uwar yara ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. "Maigida, rigar ce ta yi maka laifi?" Na ce mata ta tsufa. Ta ce masu tsufa a gidan nan suna da yawa, ba ta ga an yaga su ba. Bakin matar nan.

Hannuna baƙi ƙirin, kananzir ma ya kasa fitar da kwaltar.

Lahadi, 9 ga Maris

Mun kai shi bakin ruwa. Kafinta ya ce dole a nutsar da shi a wuri mara zurfi, a danne da duwatsu, katakon ya sha ruwa ya kumbura, kafofin su matse da kansu. Na sani sarai, haka ake yi wa kowane sabon jirgi. Amma ganin naka a ƙarƙashin ruwa tun bai taɓa tafiya ba, akwai ciwo.

Kafin mu nutsar da shi Yaya ya zo. Bai tsaya daga nesa ya duba kamar yadda mutane suka yi ba, sai ya bi gefen da tafin hannu tun daga baya har goshi, kamar mai cinikin bijimi. Ya ce aikin ya yi kyau, amma goshin ya yi sauƙi, in sa dutse. Ko a jirgina ma sai ya ba da umarni.

Alhamis, 13 ga Maris

An ciro shi, an kwashe ruwa da yankakkiyar jarka. Ba ya yoyo sai ɗan gumi a kusurwa. Na shiga, na tura, na fara tuƙi, sai jirgi ya kama zagaye a wuri ɗaya. Na sauya hannu, ya zagaya ta ɗaya gefen. Matan da ke wanki a bakin ruwa har da tafi. Wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Auta, niƙa kake yi ko tuƙi?"

Rabin rayuwata a kan ruwa, ashe ban taɓa riƙe jirgi ni kaɗai ba. Tsayuwa na iya da jifa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sa dutsen a goshi. Ya daina ɗaga hanci. Ba wanda zan faɗa wa.

Litinin, 17 ga Maris

Na gano abin. A ƙarshen kowane ja sai an ɗan murɗa filafilin waje, kamar ana ture ruwan gefe, sai jirgin ya miƙe. Ɗan murɗin wuyan hannu ne kawai. Na tuna ina jin wani ƙaramin sauti a bayana duk shekarun nan, ashe shi ne.

Jifa kuma wata masifar ce daban. Na miƙe da birgi a kafaɗa, na juya na saki, birgi ya tafi gaba, jirgi ya sulale baya, ni kuma na tafi ƙasa. Ruwan ba sanyi, alhamdu lillahi, kuma ba kowa a kusa. Yanzu sai na fara sakin wani dutse daban da na ɗaure da igiya ya kama ƙasa, sannan in jefa a durƙushe. Birgin ba ya buɗewa sosai a haka, amma na dawo da tarwaɗa da 'yan karfasa. Uwar yara ta leƙa kwandon ta ce ma sha Allah, ba ta ƙara komai ba. Wannan shirun nata ma magana ce.

Laraba, 19 ga Maris

Safiya mai kyau, ruwa kwance lumui, ba iska. Ba mai cewa matsa, ba mai cewa koma. Na je inda raina ke so, na tsaya inda raina ke so. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba.

Sai dai wani abin dariya. Na ɗora birgi a kafaɗa na yi shiru ina jira, har kafaɗar ta fara tsami, kafin na tuna abin da nake jira. In lokacin jifa ya yi, Yaya kan ƙwanƙwasa gefen jirgi da filafili. Shi ke jin motsin kifi tun kafin in ga komai. Na ƙwanƙwasa wa kaina, na jefa. Ciyawa na kamo.

Asabar, 22 ga Maris

Jirgin Yaya ya daki kututture. Babban nan da ke bakin mashiga, wanda ya fito fili tunda ruwa ya ja baya, wanda ko baƙo ya san da shi. Katako biyu sun tsage daga ƙasa. Ba wanda ya ji rauni, masu taru ne suka jawo su.

Na tarar da surukin yana matse wando. Ya ce, "Kawu, ina gani Baba ya nufe shi kai tsaye. Na ɗauka zai kauce, ai ya fi ni sanin ruwan." Yaya kuwa ya ce tunani ne ya ɗauke masa hankali. Mutumin da ya koya mini wurin kowane kututture a ruwan nan. Na so in yi magana, na ga mutane sun yi yawa.

Lahadi, 23 ga Maris

Kafinta ya duba jirgin ya girgiza kai. Ƙasan duka ya ruɓe, sai an sake shi, kuma ba aikin yau ko gobe ba ne.

Talata, 25 ga Maris

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Da hantsi ina zaune a kan kifaffen jirgi ina cire ciyawa daga birgi, sanye da shuɗiyar rigata. Yaya ya taho ta hanyar bakin ruwa, a hankali, yana jan ƙafa. Ya zo dab da ni, da na miƙa hannu zan taɓa shi. Ya juyo ya dube ni sosai, ya ce, "Sannu da aiki, bawan Allah." Ya wuce.

Ba fushi ba ne. Na san muryar fushinsa, na girma a cikinta. Wannan muryar da yake gaishe da baƙi ce. Na bi bayansa da kallo har ya kai rumfar masu kifi, na ga ya miƙa hannu ya laluba ginshiƙin kafin ya shiga.

Laraba, 26 ga Maris

Na je gidan Yaya lokacin da na san ba ya nan. Matarsa tana shara. Ban gama tambayar ba ta ajiye tsintsiya ta zauna a bakin rijiya. Ta ce abin ya daɗe, yanar ido ce ta rufe masa gani, hagun ya fi lalacewa. Ya hana ta faɗa wa kowa, asibiti ma ya ce sai bayan damina, kuma haka ya ce bara.

Na ce to yaya yake tuƙi duk wannan lokacin? Ta dube ni kamar na tambayi sunana. "Kai yake bi mana. Fari yana iya gani ko daga nesa. Ya ce in kun doshi kututture kafaɗarka kan karkata tun kafin ku kai, kai kanka ba ka sani ba. In ka karkata dama ya yi dama." Surukin kuwa, ta ce, tsaye yake ƙiƙam kamar turke, ko an sa masa farar riga ba abin da za a karanta a bayansa.

Wai kifi ya saba da ita.

Haushi ya kama ni, na rasa na waye. Da ya buɗe baki ya faɗa mini, me zai ragu a jikinsa? Amma na san shi. Ya gwammace ya nutse da a ce Auta ne ke yi masa jagora. A hanyar dawowa na tsaya wajen kwalekwalena. Ta wata kafa ana hango ɗan farin zare ya leƙo daga cikin kwalta. Na daɗe a wurin.

Juma'a, 28 ga Maris

Ban fita ba. Iska.

Asabar, 29 ga Maris

Ba wata iska jiya. Yau na fita, kamun ba laifi. Yaya yana zaune a rumfa tun safe, yana ɗinkin birgin wasu. Da na wuce na yi gyaran murya tun daga nesa, ya ce, "Auta, an dawo?" Na ce an dawo.

Litinin, 31 ga Maris

Na kai wa kafinta guntun katako. Na ce bayan jirgin yana ɗan buɗewa, yana son abin da zai riƙe gefe da gefe. Ya auna da ido, ya ce, "Wato benci." Na ce katakon ƙarfafawa. Ya ce to, katakon ƙarfafawa, a goge shi sumul saboda kada ya soki wandon mai ƙarfafawar? Ya ce jirgin zai ɗauki mutum biyu in an cire dutsen goshi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na je wa Yaya da ƙorafi. Na ce jirgin nan ya ishe ni, in na miƙe jifa sai ya gudu daga ƙarƙashina, durƙuso kuma ya kashe mini gwiwa. Duk gaskiya ne, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Na ce ko zai riƙe mini shi kafin a gama gyaran nasa. Ya ce ai tun farko ya faɗa mini goshin ya yi sauƙi. Zancen asibiti na ce ranar Litinin zan je a duba mini gwiwa, ya raka ni. Ya ce zai duba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mun fita da sassafe. Na ajiye dutsen goshi a bakin ruwa na tsaya a wurinsa. Ya zauna a baya, ya shafa sabon katakon. Jirgin ya tafi a miƙe kamar an ja zare, ina jin ɗan murɗin nan a bayana. Da muka doshi kututturen mashiga na karkata kafaɗa, wataƙila fiye da yadda ya kamata. Ya kauce sumul. Can ciki ya ƙwanƙwasa, na jefa a tsaye, birgi ya buɗe gaba ɗaya.

A hanyar dawowa ya ce, "Auta, tsaya daidai." Na tsaya.

Uwar yara ta ga sabuwar farar rigata a kan igiya ta fara murmushi. Na ce mata zafi ya shigo, farin kaya ya fi sanyi a kan ruwa, kowa ya san haka. Biyu na saya, saboda ranar wanki.