Kunnen Bijimina na Ƙarshe

Zuwa ga Likitan Dabbobi na Lardi, Minna.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Ɗanjuma mai muturu, na Shango. Ban yi karatu ba. Da baki nake faɗa, mai rubutu na bakin tasha yana sawa a takarda, kuma na ce a karanta wa kowa.

Na ɗaya. Gajerun shanun nan marasa tozo da ake kira muturu, kakana ya koro su daga Kuta tun jirgin ƙasa bai iso ba. Tsando na cizonsu, amma ciwon sammore ba ya kama su. Uwayensu bakwai nake iya kirawa a jere. Yau saura bijimi ɗaya da tsofaffin shanu biyu.

Na biyu, laifina ne. Damina uku da suka wuce ka zo da kanka, ranka ya daɗe. Ka ce a ƙasarku an gano yadda ake sa ɗan nama a kwalba, ana ciyar da shi, yana ta tsiro shekara da shekaru, don a binciko abin da ke kare shanun nan. Ka roƙi ɗan yanki daga kunnen bijimina, bai kai farce ba. Na hana. Shaidar gidanmu tsaga biyu ce a kunnen dama, ta uku sai ta mai da shi na wani gida. To, kunnen hagu fa? Yana nan lafiya lau, ban nuna maka ba. Taurin kai ne kawai.

Na uku, naku ne. Bara da kaka, ina jana'iza a Kpakungu, ma'aikatanka masu dandaƙa suka shigo garkena. Suka ga bijimin gajere, suka ɗauka tsumburarre ne, suka dandaƙe shi. Ba wanda ya tambaye ni. Ofishin da ya roƙi kunnensa shi ne ya yanke zuriyarsa. Sau huɗu ina zuwa, masinja na cewa kana rangadi.

Ba diyya nake nema ba. Ka koya wa mutanenka bambanta muturu da tsumburarre, akwai ragowarsu a ƙauyuka. Sannan ka dawo da kwalbarka. Na san kwalba ba ta haihuwar maraƙi, amma ina so wani abu nasu ya saura. Bijimin ya fara barin ciyawa, ba na jin zai ga damina. Ka yanki hagu, ka yanki dama in ka so. Babu sauran garken da shaida za ta tsare.

Allah ya ja kwananka, ya kai ka gida lafiya, ya sa ka riske shi a tsaye.

Wassalam.
Ɗanjuma mai muturu, Shango.