Ku Buɗe wa Nasiru Gonarsa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera na'urar wasa ta hannu da ke gidana, da kuma abokan hamayyarku masu ƙera mai araha.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni manomin albasa ne a fadamar Rima, kusa da Goronyo. Ban san inda ofishinka yake ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Ɗana Nasiru ya kai shekarun da sa'o'insa ke riƙe da gonakinsu, amma ciwon sikila ya hana shi. In ya taka ruwan sanyi yau, gobe muna asibiti. Kawunsa da ke Ikko ya aiko masa da na'urarku ta gwanjo, da wani wasa na noma a ciki. Da farko dariya na yi, ina cewa ɗan manomi ya koma huɗa da babban yatsa. Amma na ga yaron da ke wuni yana kallon rufin ɗaki ya fara tashi da wuri don ya ba shukarsa ruwa. In 'yan'uwansa sun dawo daga fadama suna labarin amfanin gona, shi ma yana da nasa labarin.

Ga kukana.

Na ɗaya. Mu nan, in an sami sabuwar waya, wurin mai caji a tasha ake kai ta ya buɗe wa mutum asusu. Haka muka yi da na'urar. Ya sa adireshinsa na imel da lambar sirrinsa, kamar yadda yake yi wa kowa. Da aka zo zaɓen ƙasa bai ga Nijeriya a jerinku ba, sai ya danna wata. Bara tashin hankali ya kore shi daga garin, layinsa kuma ba ya shiga. Da damina na'urar ta sabunta kanta, ta ce sai an sake sa lambar sirrin nan. Tun ranar gonar Nasiru take kulle.

Na biyu. Na je har Sakkwato aka taimake ni na tuntuɓi ma'aikatanku. Cikin ladabi suka ce in kawo rasidin shagon da kuka amince da shi, kuma ƙasata ba ta cikin inda kuke hulɗa. Ranka ya daɗe, kayanku sun san hanyar Goronyo, ku ne ba ku san ta ba. Ashe abin da muka ɗauka saye ne aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Na uku, wannan na abokan hamayyarku ne. Da na rasa yadda zan yi, na sayo tasu a kasuwar Wurno. Gaskiya ɗaya ce, sun fi ku sanin talaka. Tasu ba ta neman sabis, ba ta tambayar sunan kowa, wasanni cike a kati kamar gyaɗa a buhu, batirinta kuma kowane mai gyaran waya zai canja shi, ba kamar naku da kuka liƙe ba. Amma araha ba ta ado. Kafin mu cire albasa maɓallinta ya mutu. Mai gyara ya juya ta ya ce, "Baba, wagga ai an daina yinta, sabuwa sunka fitar." Ko da ma ta rayu, babu wasan Nasiru a cikinta, domin kun hana shi fita daga taku.

Na zauna na auna ku duka biyu. Ku ribarku tana cikin wasannin, shi ya sa kuka yi na'ura mai ƙarko kuka kewaye ta da katanga, kuka riƙe makullin. Su ribarsu tana jikin na'urar, shi ya sa mutuwarta ba ta dame su ba, gobe a sayi wata. Kowa da dabararsa ta cin kasuwa, mu kuwa gaba kura baya sayaki. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin a lissafin kowannenku babu mai irin halin ɗana.

Roƙona kaɗan ne. Ku sa ƙasarmu cikin jerinku. Ku samar da hanyar da wanda ya sayi na gwanjo zai nuna kayansa ne, ko da shaidar mai unguwa. Wasan da mutum ke yi shi kaɗai, ku bar shi ya buɗe ba sai da izininku ba. Su kuma masu araha, su ajiye kayan gyara ko na shekara biyu ne.

Makon jiya ciwon ya tashi. Ina zaune bakin gadonsa a asibiti, na'urarku tana gefen matashinsa, domin har yau yana cajin ta. Ya dube ni ya ce, "Baba, wa ka ba shukata ruwa yanzu?" Na shekara talatin ina ban ruwa, amma wannan gonar makullinta yana hannunku.

Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka, ya ba 'ya'yanku lafiya, ya sa kada a taɓa yi muku irin wannan tambayar.

Wassalam.

Naku,
Mahaifin Nasiru,
Goronyo.