Hawa San'a da Malam

Asabar, 3 Fabrairu 2007
An ba mijina, Malam Suraj, izinin zuwa San'a ta Yaman, ya duba tsofaffin littattafan da yake bincike a kai. Murna kamar yaro. Sai likita ta auna jininsa ta ɗaure fuska. Wai garin a kan duwatsu yake, iskar can ba ta cika ƙirji, mai hawan jini kuma sai ya shirya jikinsa. Mutumin da ko shagon ƙasan bene ni yake aika.

Talata, 6 Fabrairu
Mun fara tattaki a bakin teku bayan la'asar. Ni likita ta ɗora wa tsaronsa. Tun da muka zo Doha ta ƙasar Qatar ba mu taɓa jerawa haka ba. Shi da littattafansa, ni da bangon ɗaki a unguwar Bin Mahmud. Yaya Barira ta san halin da nake ciki. Ita ce ma ta ce in dawo Zariya in huta idan ya tafi, kuma na amsa. Shi ban gaya masa ba.

Lahadi, 18 Fabrairu
Doha shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ko na magani, sai muka koma hawan matakalar gidanmu. A hawa na uku ya zauna yana haki, ya ce, "Haulatu, khalas, shi ke nan, ki ce musu na fasa." Na ce yalla, mu je, Malam, tashi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na manta yana da wushirya.

Juma'a, 2 Maris
Na rage gishiri. Ya gane, amma ya cinye.

Laraba, 7 Maris
Jinin ya sauka, likita ta yarda. A mota ya ce ya nema mini biza tun tuni. "Wa zai riƙa ce mini yalla?"

Litinin, 12 Maris, San'a
Abin kunya. Shi da muka yi wata guda muna tsoro a kansa, garau. Ni ce kaina ke sarawa kamar ana daka, ga tashin zuciya, daga gado zuwa ƙofa sai na dafa bango. Na ce ya tafi aikinsa, ranar farko ce, ana jiransa. Ya cire hula ya ajiye.

Laraba, 14 Maris
Bai je ba jiya ma. Duk abin da likita ta faɗa dominsa, ashe ya haddace: ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa, abinci mara nauyi, ba gaggawa, in numfashi ya ƙi daidaita a sauka ƙasa. Har ya tambayi mai masauki motar da ke gangarawa bakin teku, ko da za a buƙata. Na ce, "Malam, littattafanka fa?" Ya ce sun yi ɗaruruwan shekaru suna jira, ba za su ji kwana biyu ba.
Ya jiƙa tawul ya sa mini a goshi. Ya zauna a gefen gado yana kallona. Na rufe ido don kada ya ga na gani.

Juma'a, 16 Maris
Na fita yau. A hankali, cikin lungunan tsohon gari, gidaje dogaye masu farin ado a tagogi. Duk inda hanya ta yi tudu sai ya tsaya, wai shi ne ya gaji. Ƙarya yake, numfashinsa lafiya lau. Na bar shi da ƙaryarsa.
Ya saya mini zabibi. Ya ba ni labarin mahaifiyarsa, yadda take hawa dutsen garinsu da tulu a ka tana waƙa. Shekara shida da aure, yau na fara ji.

Alhamis, 22 Maris, Doha
Mun dawo. Rabin aikin kawai ya samu ya yi, ya ce zai nemi komawa baɗi. Yaya Barira ta bugo, tana tambayar ranar da za su tarye ni a Kano. Na ce zafi ya kusa shigowa, kuma in ba a tsaye a kansa Malam zai koma wa kujera da gishiri.
Ta ce, "To, saboda jininsa ne ke nan."
Na ce eh.