Ginshiƙi na Huɗu Yana Ƙarƙashin Tukunyar Inna Hajo

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban aikin gadar sama da ake ginawa bisa babban titi a gefen Konni.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, tare da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Ma'azu, wanda ya gama karatun gini bana, mai neman sanin aiki a shantiyenka, wato filin aikin gadar. Sau uku na zo buro aka ce ka fita, shi ya sa na rubuto a fili. Abin da zan faɗa na bincika shi sau biyu.

1. Aikina shi ne samfur. Duk ranar da aka ɗaure rodi, aka kafa katako, aka zuba kankaren ginshiƙi, nakan cika gwangwani uku da kankaren nan. Washegari in cire samfuran daga gwangwanayen, kowane kamar ƙaramin turmi, in rubuta lamba da jan fenti, in tsoma a kwamin ruwa. Bayan kwana ashirin da takwas a kai su labo, ɗakin gwaji, inji ya matse su har su fashe. Sai sun nuna ƙarfi ake yarda a ɗora azarorin gada bisa ginshiƙin.

2. Ranar da samfuran ginshiƙi na huɗu suka cika kwanakinsu, na tarar da ruwa kawai. Ka ce sakacina ne, ka riƙe takardar shaidata ta sanin aiki. In babu ita, ba zan iya neman aiki ba, kuma ƙarshen watan nan ake rufe karɓar takardu.

3. Na gano su. Ranka ya daɗe, duwatsu nawa murhu ke buƙata? Uku. Suna bayan rumfar Inna Hajo, mai sayar wa ma'aikata abinci, tukunyar tuwo na zaune a kansu daram. Na duƙa kamar ina gyara takalmi, na karanta rubutuna ta cikin baƙin hayaƙi.

4. Ba sata ba ce. Kai da kanka ka ce wa mai gadi ya bar matan unguwa su kwashi samfuran da aka gama da su, kana nufin fasassu. Shi kuwa ya ga abu cikin ruwa kusan wata guda ba mai taɓawa, ya ɗauka an gama da shi. Ga shi Inna Hajo surukarsa ce. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da ita, yaya zai hana ta dutse?

5. Tuwon da direbanka ke ɗauko maka kullum da azahar, bisa su ake tuƙa shi. Ban ce kana da laifi ba. Na dai lura ba ka taɓa mayar da saura ba.

Samfuran sun sha wuta mako biyu, ba za su ƙara faɗin gaskiya a labo ba. Don haka ina roƙon a huda ginshiƙin kansa a ciro ɗan yanki a gwada, kamar yadda aka koya mana a lakwal. A yi wa kwamin murfi da kwaɗo. Kada a kori mai gadi, kada a taɓa murhun Inna, don ma'aikata ba za su yafe mini ba. Sannan a sa hannu a takardata kafin wata ya ƙare.

Ranar da za a ɗora azara bisa ginshiƙi na huɗu, ni zan tsaya a ƙarƙashi. Duk shantiye an san ni da tsoro, amma ruwan kankaren nan ni na auna shi.

Allah ya ƙara girma, ya tsare ma'aikata, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.
Ma'azu