Kotun Ƙungiya Ta Ba Shi Gaskiya, Amma Har Yau Yana Falo

Don Allah a taimaka mini da shawara, na gaji. Maigidana likitan dabbobi ne, aka kore shi daga aikin gwamnati ba tare da an saurare shi ba. Kotunan gida suka yi ta ɗage shari'ar, sai ya kai ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen yankinmu. Ta ce a mayar da shi bakin aiki. Ranar har maƙwabta sun shigo barka.

Tun daga nan shiru. Kowace Litinin sai na goge masa farar rigar aiki, ya zauna a falo riƙe da waya, in azahar ta yi ya cire ya rataye. Autarmu ta ɗauka aikin Baba ke nan. Ya rubuta wa majalisar dokokin ƙungiyar, suka tura shi hukumar gudanarwa, ita kuma ta ce maganar tana hannun gwamnatinmu. Yanzu yayansa ya samo masa aiki a wata gonar kaji, kuma ba za su daɗe suna jira ba. Ya ƙi, wai in ya karɓa ya zubar da hukuncin. In na yi magana, ya ce na goyi bayan waɗanda suka kore shi. Wai wa ke da ikon ne?

Wadda ta gaji da guga

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Ba yawo da hankali kawai aka yi masa ba. A irin waɗannan ƙungiyoyi, galibi kotu tana yanke hukunci amma ba ta da 'yan sanda. Majalisa tana iya tayar da magana, ba ta iya tilastawa. Hukuma tana bibiya, ta kai rahoto ga shugabannin ƙasashe. Aiwatarwa kuwa ta gwamnatin da ta kore shi ce, shi ya sa ake daɗewa.

Yana da gaskiya da ya riƙe hukuncin, mutuncinsa ne. Inda ya kuskure shi ne zaton zaman falo ke raya hukuncin. Bibiya aikin lauyansa ne: ya nemi ofishin da ke aiwatar da hukunce-hukuncen kotun a ƙasarku, ya sanar da kotun cewa ba a bi ba.

Kada ki ce masa ya haƙura. Ki roƙi yayansa ya raka shi wurin lauyan, ya ji da kunnensa ko karɓar aikin zai taɓa hukuncin. Ba na tsammanin zai taɓa.

Rigar kuma ki goge ta Litinin mai zuwa. Kaji ma suna buƙatar likita. Allah ya kawo muku sauƙi.