In Aka Ci Mu Gobe

Asabar, bayan isha'i.

Tun shekarar rusau da aka kwashe rumfunanmu a Utako ban ga kakar ƙwallo mai cin rai irin wannan ba. Ƙungiyar garinmu tana ƙasan tebur. In aka ci mu gobe, mun faɗa rukuni na biyu.

Na roƙi Bulus mai gidan kallo ya kamo mana wasan. Ya yi dariya: "Baba, wa zai kalli ƙwallon gida? Na Turai ake so."

Ni da na san 'yan wasanmu har kakanninsu. Barci ya ƙi zuwa. In faɗuwa za mu yi, ba a bakin direbobin da ke zuwa daga garinmu zan ji ba. Da asuba zan hau motar farko zuwa gida, in zauna a filin da kaina. Gwiwar nan ta yi ta ciwonta.