Na karya hannun matuƙin jirgin da ya ƙi sauka

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara. Ban yi lakwal ba, wato boko, murya na aiko aka rubuta mani.

Ni direban wani Alhaji ne a Maraɗi. Da daminar nan 'yan fashi suka tare mu gaba da Jiratawa, ni da ƙanena da ke yi mani rakiya. Harsashi ya goge ni a kafaɗa, shi kuma ya shige mashi ciki. Likita ya ce aikin sai Yamai, kuma ba zai jure mota ba, Alhaji ya yi hayar ƙaramin jirgi.

Da hantsi muka kai shi filin jirgi, ana ruwa, gajimare ya sauko ƙasa ƙasa. Jirgin ya zo. Sau biyu yana saukowa, na ji ƙararshi bisa kaina, a na biyun har tayoyinshi na gani da idona, sai ya sake tashi sama ya tafi. Ƙanena ya cika da la'asar, kanshi bisa cinyata.

Washegari matuƙin ya dawo, ya sauka lafiya lau. Na tare shi wajen ajiye motoci da ƙarfen kwance taya. Na ce mashi tunda ni na gan shi, shi ma ya gan mu, tsoro ne kawai ya kashe mani ɗan'uwa. Ya ɗaga hannu zai yi magana, na sauke mashi ƙarfen a hannun, na ƙara, na ƙara, har na ji ƙashi ya ba da. Na tafi.

Ranar sadakar uku wani dattijo maƙwabcinmu a Sabon Gari, wanda ya daɗe yana aiki a filin, ya ja ni gefe. Ya ce na'ura ce ke sauko da jirgi cikin gajimare, amma akwai iyakar da doka ta yanka, in matuƙi ya kai nan bai hango titin sauka a gabanshi ba, dole ya tashi. Ya ce ni sama na duba, matuƙin kuwa gaba yake dubawa cikin ruwa. Kuma da likita da malamar jinya a bayanshi, ga gidajen mutane kusa.

Yanzu matuƙin yana kwance, an ce in hannun bai koma daidai ba ya bar tuƙi ke nan. Jandarma sun tambaye shi, ya ce bai gane wanda ya buge shi ba. Amma ya aiko ta bakin Alhaji cewa titin ne bai gani ba ran nan, fuskata ya gan ta sarai.

'Ya'yan ƙanena huɗu suna wuyana, in aka rufe ni ba su da kowa. Kuma gaskiya har yau in jirgi ya wuce sai na ji haƙorana sun haɗu.

In kai kaina wurin jandarma, ko in je gadonshi in durƙusa? In na je, da wane baki zan fara?